Kujerar da Ban Gyara Ba

Asabar, da hantsi

Abin da na gani da safiyar yau zan rubuta, tunda na faɗa da baki ba a karɓa ba.

Gari ya fara haske, ina tsugune a bakin famfo ina wanke fuska, sai na ji ƙarfe yana jan ƙasa. Na ɗago kai. Get a buɗe yake, duka ɓangare biyu. Yaya ne yake turo motar Baba, kafaɗarsa a jikin ƙofar direba, hannunsa ɗaya ta taga yana riƙe da sitiyari. Gaban motar ya shige ciki kamar an taka gwangwani. Bamba tana jan ƙasa, fitilar hagu babu, tayar hagu tana kallon wani wuri daban da 'yar uwarta. Ga wani wari, warin injin da ya dahu.

Muka haɗa ido.

Shi ya nufi ɗakin Baba, ni na nufi mota. Na zare makulli, na ɓamɓare bonet da ƙyar, na sa hannu ina lalubar lagireto, tankin ruwan inji. Ya tsage, ko ɗigon ruwa babu a ciki. Wato bayan ya buga ta bai tsaya ba, ya ci gaba da tafiya ba ruwa har injin ya kame. A haka Baba ya fito da sandarsa ya same ni, makulli a hannuna, baƙin mai har gwiwar hannu, Yaya a bayansa yana girgiza kai kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa.

Makullin kuwa nawa ne. Na biyu, wanda Baba ya ba ni don in riƙa tayar da ita tunda ƙafarsa ta hana shi tuƙi. A ƙusa yake kwana, bayan ƙofar ɗakina, kuma ɗakina ba ya kulluwa.

Na ce Baba ba ni ba ne. Bakina ba ya sauri, kowa ya sani. Kafin in haɗa magana ta biyu Yaya ya yi goma. Ya ce ƙarar get ce ta tashe shi, ya fito ya gan ni ina turo ta. Har da cewa a yi mini haƙuri, ƙuruciya ce.

Baba ya faɗi wata kalma. Ba zan rubuta ta ba.

Lahadi, da safe

Na gaishe da Baba, bai amsa ba. Na sake, ya ƙara murɗa rediyo.

Litinin, da yamma

Motar nan ta girmi Yaya, balle ni. Ko lokacin da Baba ya saye ta tsohuwa ce. Ruwan madara, fitilu zagayayyu, ragar gaba ta farin ƙarfe mai ƙyalli, kujeru jajaye. A titi tsayar da shi ake yi a ɗauki hoto. Dattijuwa yake ce mata. Daga ɗaki yake gane ko fulogi ɗaya ya yi datti.

A jikinta ya koya mini aiki. Yaya ba ya son maiƙo a farce, shi mai shagon waya ne, farar riga da turare. Amma shi ne ɗan fari, shi ke zama bakin katifar Baba yana ba shi labarin gari har ya yi dariya. Ni sai dai, Dogo miƙo sifana. Ban taɓa jin haushin wannan ba sai yanzu.

Yau Yaya ya yi atishawa a tsakar gida, sai ya dafe ƙirji ya tsaya cak, idonsa ya kawo ruwa. Na ajiye wannan.

Laraba, bayan azahar

Yaya ya kawo dillali. Wani mai tumbi, yana zagaya motar yana bugun taya da ƙafa kamar tasa. Yaya yana cewa gara a ba masu gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, tun tsatsa ba ta cinye ta ba, don ganinta yana ƙara wa Baba ciwo. Sauri yake ta bar gidan. Na san dalili.

Baba bai fito ba. Inna ce ta kawo saƙo, idonta a ƙasa. Wai Baba ya ce wanda ya ɓata ya gyara. In ta tashi kafin wata ya ƙare a sayar da ita a matsayin mota, in ba ta tashi ba a yanka ta. Ko wanne ne, shi ba ya son ya ƙara ganinta.

Dillali ya ce in wannan ta tashi to kakarsa ma za ta tashi.

Zan gyara ta. Sannan in gyara wanda ya ɓata ta.

Alhamis, da safe

Bai amsa ba.

Juma'a, da la'asar

Oga, mai garejin da nake aiki, ya ara mini ƙarafa uku da sarƙar ɗaga inji. Akwai gawar irin motar a bayan garejinsa, kaji na ƙwai a ciki. Ya ce in cire abin da zai yi mini amfani. Da safe ina gareji, daga azahar ina gida.

Na kwance komai yadda Baba ya koya mini. Kwali na samu na huda masa ramuka, kowane noti na cire sai in soke shi a gurbinsa, na dama a dama, na hagu a hagu. Baba kan ce noti ya san gidansa, in ka kai shi na maƙwabci sai ya yi fushi.

Da na zo ɗaga injin, Yaya yana shigowa. Na jira sai da ya zo daidai tagar Baba, sannan na ɗaga murya na ce, Yaya don Allah kama mini nan, ni kaɗai ba zan iya ba. Ya dubi tagar, labule a ɗage. Ba halin ya ƙi. Na ba shi gefen da ya fi nauyi, na ce ya tallabe da ƙirji kada ya kaɗa. Na yi ta jan sarƙa a hankali, a hankali, har na tsaya gyara wani abu da ba ya buƙatar gyara. Gumi yana zubo masa, leɓensa yana rawa, numfashinsa gajere-gajere.

Na ce, Yaya ko ba ka da lafiya ne?

Ya ce lafiya lau.

Na ce to ƙara riƙewa kaɗan.

Asabar, da yamma

Na buɗe injin. Kan silinda ya lanƙwashe, gasket, shimfiɗar da ke tsakaninsa da inji, ya ƙone ƙurmus, fistin guda ya manne sai da na jiƙa shi da kalanzir na bi shi da katako da guduma. Wanda ya yi wa injin nan haka ya ji yana kuka, ya ji warinsa, ya ƙara taka totur. Bugun ma na iya zama tsautsayi. Wannan ba tsautsayi ba ne, gudu yake kada a gan shi a inda yake.

Inna ta ajiye mini abinci a kan akwatin kayan aiki. Na mayar da shi bakin kicin a rufe.

Litinin, da hantsi

Ban je gareji ba yau. Ina share gilashin da ya zube cikin motar, ta gefen mai zaman banza, sai tsintsiya ta jawo takalmi daga ƙarƙashin kujera. Ƙafa ɗaya. Na mace, mai tsini, ruwan gwal. Anti, matar Yaya, ba ta sa irinsa, kuma ƙafarta ta fi wannan girma, ina ganin takalmanta a ƙofar ɗaki kullum.

Na daɗe ina riƙe da shi. Anti na can tana shanya, tana ta waƙa. Taku kaɗan ne tsakaninmu. Ita ce ta ce mini shekaranjiya, ƙanin miji kar ka damu, ƙarfe ne, ana gyara shi. Ita ba ta yi mini komai ba.

Na goge shi tas, na ɗora a kan akwatin kayan aiki, ta inda mai shiga da fita zai gani amma mai shanya ba za ta gani ba.

Litinin, da magariba

Yaya ya gani. Yana waya yana dariya, sai dariyar ta yanke. Ya wuce, ya dawo kamar ya manta wani abu, ya sake wucewa. Ni ina ta wanke bawul cikin kwano, ban ɗago ba.

Na ajiye wannan ma.

Talata, da yamma

Takalmi ya ɓata. Na je kai kan silinda wurin masu sharewa, na dawo babu. Yaya yana zaune a kujerar roba yana yanke farce. Ya ce, Dogo sannu da aiki, Allah ya sa ka koyi darasi.

Na ce amin Yaya, dukanmu.

Na koma kan aikina.

Laraba

Bai amsa ba.

Alhamis, da la'asar

Niƙa bawul aikin mai haƙuri ne. Ka shafa masa yashin niƙa, ka manna sanda a kansa, ka yi ta murzawa tsakanin tafin hannu, ka ɗaga, ka juya, ka sake. Sai ƙarar ta sauya daga ƙarƙar zuwa sulɓi. Ina murzawa ina tunanin fuskarsa. Ban san lokacin da na gama su duka ba.

Inna ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce na rame. Ta ce in yi haƙuri, komai mai wucewa ne, Babanku zai sauko.

Na ce ya sauko daga me, Inna?

Ta ce ta bar tukunya a wuta.

Asabar, da hantsi

Mai Guduma ya zo. Shi ne mai miƙe jikin mota a layin baya, tsoho mai haƙori ɗaya a sama, ba ya gajiya da tsokana. Ya duba gaban Dattijuwa ya ce, kaka wa ya mare ki haka? Ya kankare wani fenti ja da fari da ya manne a bamba, ya ce wannan ba bango ba ne, ƙarfen gada ne.

Muka ɗaure sarƙa a gindin bishiyar tsakar gida, ɗaya bakin a ƙashin gaban motar. Shi yana gasa ƙarfe da wuta, ni ina ɗaga jek, ƙashin yana dawowa kaɗan-kaɗan yana ƙara kamar tsoho yana miƙa. Yana aunawa da igiya daga baya zuwa gaba, ya ce sauran kaɗan, mu sake.

Da muka zauna hutawa ya leƙa ciki ta taga, ya shafa sitiyari, ya nuna mini inda ya ɗan lotsa ta ƙasa. Sai kawai ya kai mini duka a ƙirji da bayan hannu. Ban motsa ba. Ya ce, kai Dogo, ko dai ƙirjinka na ƙarfe ne, ko dai ba kai ka sumbaci sitiyarin nan ba.



Ya ce bari ya shiga ya gaya wa Baba, ai sun saba. Na riƙe masa riga. Na ce a'a. Magana ta riga ta shiga kunnen Baba ta cika shi, wata maganar ba ta da wurin zama. Yaya zai ce faɗuwa ya yi a banɗaki, kuma a yarda. Ni abin da nake so Baba ya taɓa da hannunsa.

Ya ce, yaro kana da mugun sanyi. Na ce wa ya koya mini in ba ƙarfe ba.

Lahadi, da yamma

Ragar gaba. Sanda-sanda nake miƙe ta a kan katako da ƙaramar guduma, an naɗe kanta da tsumma don kada ta bar tabo. Anti ta ce wallahi ko kitso ba a yi masa wannan natsuwa.

Talata, bayan azahar

Kan silinda ya dawo sumul. Sabon gasket, zobban fistin daga gawar bayan gareji, duk na haɗa. Na zo ɗaure manyan notina, da gangan na fara daga gefe. Na san tagar a buɗe take.

Na ɗaure ɗaya. Na kama na biyu.

Sai na ji muryar Baba daga ciki, ba da ni yake ba, da Inna yake. Ya ce, a gaya wa wancan daga tsakiya ake farawa, a zagayo waje, kuma ba a gama ɗaurewa a zagaye ɗaya.

Inna ta leƙo za ta maimaita. Na ce na ji.

Wancan. To, ko ba komai yana saurare. Na kwance na fara daga tsakiya. Idona ya yi ta ruwa, kalanzir ne.

Laraba, da safe

Bai amsa ba. Amma bai murɗa rediyo ba.

Juma'a, da la'asar

Inji ya koma mazauninsa. Lagireto, fambel, batir, duk sun hau. Na sa sabon ƙarfen da ke riƙe tayar hagu, na daidaita tayoyin gaba da igiya har suka koma kallon wuri ɗaya.

Sai na buɗe ƙofar direba zan shiga in taka kuloci. Tun ranar nan ban zauna a ciki ba, duk ta taga nake miƙa hannu, don ƙofar ta maƙale sai jiya Mai Guduma ya sake ta.

Ban shiga ba. Gwiwata ta daki ƙasan sitiyari. Kujerar tana can gaba, ta kusa haɗuwa da shi. Na ja ƙarfen da ake matsar da ita baya, ko motsi. Na kwanta na haska ƙasa. Bugun da ya shigo ta tayar hagu ya turo daɓen motar, ya lanƙwasa layin da kujerar ke gudu a kai, ya kulle ta a inda mai tuƙin ya bar ta.

Ni tsawon Baba na ɗauko. A inda yake barin kujera nan nake barinta, can ƙarshen baya. Yaya kuwa na Inna ya ɗauko. In ya tsaya kusa da ni, kansa a hammatata yake.

Na zauna a ƙasa na jingina da taya, na yi ta dariya ba sauti. Wannan ba ya shiga aljihu. Wannan ba a sace shi.

Na rufe ƙofar, na mayar da tamfol.

Asabar, da yamma

Mai Guduma ya gani. Ya ce aikin ɗan lokaci ne, a kwance kujerar a buga layin ya miƙe. Ya ɗauko guduma. Na ce ajiye. Ya dube ni, ya dubi kujerar, ya dubi ƙafafuna tun daga sama har ƙasa. Sai ya buɗe baki, haƙorin nan ɗaya ya fito. Ya ce Allah ya raba shi da yin faɗa da mai shiru-shiru.

Na ce ranar da za a zo ɗaukarta ya zo, ya tsaya kusa. Ya ce ko da gawa ce a gidansu zai zo.

Lahadi, da hantsi

Daga gefen mai zaman banza na miƙa hannu na murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi shiru. Na zuba ɗan fetur a kafireto. Ta sake tari, ta girgiza, ta kama. Hayaƙi ya cika tsakar gida, kaji suka watse, sannan ƙarar ta kwanta, ta koma irin nata na da, kamar mai magana ƙasa-ƙasa.

Baba ya kashe rediyonsa. Na bar ta tana aiki har ta yi zafi, har na tabbata ya ƙoshi da ji.

Yaya ya fito yana tafi. Ya ce ma sha Allah, gobe-goben nan zai kira dillali. Na ce kira shi Yaya, ni ma na ƙosa.

Litinin, da yamma

Fenti ya bushe. Na goge ragar gaba har ina ganin fuskata. Ban yi barcin rana ba, ban ci komai ba. Tsorona ɗaya, kada Baba ya ƙi fitowa.

Da na ga Anti za ta kai masa ruwa, na ce ta ce masa akwai wata 'yar ƙara da nake ji a giya, na kasa gane ta, sai an zauna an taka. Babu wata ƙara.

Talata, da magariba

Bari in bi shi daki-daki, kada in tsallake ko ɗaya, don ina so in riƙa karantawa.

Dillali ya zo bayan azahar da mai saye. Mai Guduma na zaune kan tsohuwar taya yana sakace haƙorinsa. Na tayar da ita. Dillali ya ce to lallai bari ya je ya duba kabarin kakarsa.

Sai ga Baba. Ya sa hula, ya sa rigarsa ta fita. Bai dube ni ba. Ya zagaya gaba ya shafa ragar da tafin hannu, ya tsaya a kan injin ya karkata kai yana saurare. Ya daɗe. Sannan ya miƙa wa Anti sandarsa, ya buɗe ƙofar direba, ya sa ƙafa.

Gwiwarsa ta daki sitiyari.

Ya ja ƙarfen kujera. Ya sake ja. Ya fito, ya dafa ƙofa ya durƙusa, da wannan ƙafar tasa, ya zura hannu ƙarƙashi yana laluba. Na ga lokacin da yatsunsa suka kai wurin. Ya tsaya. Bai ɗago ba ya tambayi Mai Guduma ko wannan lanƙwasar ta bugun ce. Mai Guduma ya ce ta bugun ce, ga tsatsa ma ta fara a inda fenti ya tsage, kuma ba wanda ya taɓa ta, an hana shi.

Baba ya miƙe. Ya ce, Dogo, shiga.

Sunana. Na shiga yadda zan iya. Ƙafa ɗaya a ciki, gwiwa a maƙale, ɗaya a waje, ko kuloci ban kai ba. Mai saye ya yi dariya, ya ce wannan sai dai a cire masa rufi da ƙofa.

Baba ya ce fito. Ya juya ya ce da Yaya, kai shiga.

Yaya ya ce ai Baba shi farar riga ce a jikinsa. Baba dai ya ci gaba da riƙe masa ƙofa. Yaya ya dubi get, ya dubi ƙofar kicin, ya shiga.

Ya zauna ɗas. Bayansa a jingine, ƙafarsa a kan kuloci, hannunsa a sitiyari, ƙirjinsa daidai inda ya lotsa. Dillali, da bai san komai ba, ya ce kai, kamar tela ne ya auna ka.

Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Baba ya ce da baƙin su yi haƙuri, an fasa. Ya karɓi sandarsa, ya ce Yaya ya biyo shi ɗaki. Aka rufe ƙofa, aka saki labule.

Na kashe injin. Na zauna na jera sifanu daga ƙarami zuwa babba. Ban ji abin da aka ce ba, muryar Baba kawai ke tashi tana sauka. Ta Yaya ban ji ta ba ko sau ɗaya. Mai baki goma.

Da ya fito bai dubi kowa ba. Ya zo daidai ni, na ce, Yaya sannu, Allah ya sa an koyi darasi.

Na daɗe ina ajiyar wannan. Ya yi daɗi. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi daɗi.

Laraba, da safe

Yaya ya fita tun da duhu, da jaka. Anti ba ta fito ba, ina jin kukanta ta bango. Ban san me ya gaya mata ba. Ni dai ban ce komai a kan takalmi ba, kuma ba zan ce ba.

Na ɗauka yau zan tashi sakayau. Ban tashi ba.

Laraba, bayan la'asar

Baba ya sa an fito masa da kujera gindin bishiya. Na gaishe shi, ya amsa, har ya tambayi gajiya. Kalmar da ya faɗa ranar nan bai ambace ta ba. Sai dai ya ce in kwance kujerar motar, shi da kansa ya riƙe mini layin ina bugawa, yana cewa a hankali, ƙarfe ba ya son a yi masa tsawa.

Inna ta kawo masa ruwa a kofi, ta tsaya tana jira ya sha.

Baba bai karɓa ba. Ya ce, Dogo, get ɗin nan daga ciki ake sa masa sakata, kuma ni na ji an sa a daren. Mai turo mota ba ya buɗe get. Bayan kai, wa ya gani?

Ruwan kofin yana kaɗawa, yana zuba mata a yatsu.

Ga guduma a hannuna. Ga amsa a bakina, a shirye, ba ta buƙatar sauri. Makonnin nan duk da ita nake kwana.

Na ce, Baba gari bai gama wayewa ba, ni motar kawai nake kallo.

Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya karɓi ruwan ya sha, ya ce in ci gaba da bugu.

Laraba, da magariba

An ajiye mini abinci a kan akwatin kayan aiki. Ban ci ba, ban kuma mayar ba. Yana nan ina kallonsa.

Na yi wa Baba ƙarya, amma nan ba zan yi ba. Ita ta zare sakata, ɓangare biyu. Ita ta share gilashin fitila daga bakin ƙofa kafin Baba ya fito. Tsintsiyar na hannunta lokacin da ya faɗa mini kalmar nan, tana tsaye a bayan Yaya, tana kallona.

Inna ta gani.